Tambaya da Amsa: Ruwan gidanmu garau yake, dole ne sai an kai shi gwaji?

Assalamu alaikum Malam. Bara na haƙa bohol a gidana, ruwan fari tas, ba wari ba ɗanɗanon komai. Kwanaki wani mai tallan injin tace ruwa ya zo ya tsoma wani ɗan abu kamar biro a kofi, lamba ta fito 380, yace wai guba muke sha in sayi injinsa. Ƙanena kuma an gwada nasa ya nuna 90, yana ta min dariya wai nasa ne lafiyayye. Don Allah wa ke da gaskiya? Daga wani magidanci, Katsina.

Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiya dai daga mai tallan har ƙanen naka babu wanda ya faɗi daidai. Wannan ɗan biron ana ce masa mitar TDS, aikinsa ɗaya ne tal, yana auna yadda lantarki ke ratsa ruwa sai ya ƙiyasta yawan gishirin da ya narke a ciki, irin su kalsiyam da sodiyam waɗanda kusan duk ruwan ƙasa yana da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa tayi ruwan da bai kai 600 ba ɗanɗanonsa ba laifi, sai ya haura 1000 ake fara jin bauri, kaga 380 ba abin tada hankali bane. In kuma ya dawo da ɗayan wasan nasu, wanda suke tsoma ƙarafa biyu a kofi a jona wuta ruwan ya koma ja kamar tsatsa, to tsatsar daga ƙarfensa take fitowa ba daga bohol ɗinka ba.

Amma shi ma ƙanenka ya rage dariya. Iyakar dalma da aka yarda a ruwan sha miligiram 0.01 ce a lita ɗaya. Ko ta ninka haka sau goma mitar ba za ta motsa ba, ƙwayoyin cutar taifod da kwalara kuwa bata san da su ba sam. Mutanen Tibiri ta jihar Maradi sun ga wannan da idonsu, ruwan famfo mai kyau garau daga rijiya mai zurfi, ashe sinadarin fulorayid ya yi masa yawa, shekaru ana sha sai ga ɗaruruwan yara haƙora sun dafe ƙafafu sun lanƙwashe. Miligiram 1.5 a lita shine iyakarsa, kuma ba ido ba harshe da zai gaya maka an wuce.

To ya ake ganewa a lab? Ka taɓa lura in miya ta zubo kan wutar gas sai harshen wutar ya koma rawaya? Sodiyam ɗin gishiri ne yake wannan, kowane sinadari yana da irin hasken da yake fitarwa da wanda yake shanyewa, kamar zanen yatsa. A kan wannan aka gina injin da muke kira AAS, wanda wani masani Alan Walsh ya fito da shi a Ostireliya cikin shekarun 1950. Ana fesa ruwanka cikin harshen wuta, a haska fitila ta musamman ta dalma ta ratsa, gwargwadon hasken da ya ɓace a hanya gwargwadon dalmar da ke ciki, bayan an fara gwada injin da ruwan da aka riga aka san adadin dalmarsa. Akwai jami'o'inmu da suke da shi, matsalar dai wuta da gas da fitilun in sun mutu.

Ga wani abu da ba kowa zai gaya maka ba. Mai harshen wutar nan da ƙyar yake ganin dalma a ƙanƙantar da ake buƙata wa ruwan sha, sai an yi amfani da irinsa mai ɗan murhun girafayit ko babban yayansu ICP-MS wanda yake tsada. Saboda haka in an miƙo maka takarda an rubuta ND, wato ba a gano ba, kar kayi hamdala ka tafi, ka tambaya mafi ƙanƙantar abin da injin ke iya gani nawa ne. In sun ce 0.05 alhali iyaka 0.01 ce, to takardar bata ce maka komai ba. Ni kam na sha ganin irin wannan a furojet ɗin ɗalibai har na gaji da jan layi da jan biro.

Sannan ɗibar ruwan ita kanta rabin aikin ce. Kar ka wanke robar lemo ka cika ka bar ta a but ɗin mota kwana biyu. Ka je su baka robarsu, ta gwajin ƙarafa ana ɗiga mata asid don kar ƙarfen ya manne a jikin roba, ta ƙwayoyin cuta kuma kwalba ce da aka turara, a sa ta cikin ƙanƙara a kai a ranar. Kuma ka faɗa musu abin da ke kusa da bohol ɗin, shadda ce, gidan mai ne, ko gona mai shan taki, domin lab abin da ka tambaya kawai yake nema.

*

Malam barka da aiki. Lokacin gubar dalma ina yarinya, na tuna wasu ma'aikata suna ɗora wani abu kamar bindiga a ƙasan tsakar gida su rubuta lamba. Yanzu maƙwabcinmu ya dawo da niƙan dutsen zinare a bayan katangarmu, ga yarana uku ƙanana. Mene ne wannan abin, kuma tafasa ruwa zai isa? Daga wata uwa, Zamfara.

Hajiya, na fara da ƙarshen tambayarki don shi ne na gaggawa, tafasa ruwa baya cire dalma, ƙara tattara ta ma yake yi tunda ruwan ne ke tafiya a tururi. Kuma babban haɗarin ba a ruwan yake ba, a ƙurar yake, yaro yana rarrafe yana sa hannu a baki, jikinsa kuma ya fi na babba saurin zuƙe ta.

Abin da kika gani sunansa XRF. Yana harba hasken hoton ƙashi cikin ƙasa, ƙarafan da ke ciki su maido nasu hasken, cikin minti ɗaya ko biyu lamba ta fito ba tare da an je lab ba. Shi ya taimaka a 2010 bayan likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun lura yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da Yargalma da Abare, aka rasa yara sama da 400. A lokacin iyakar dalma da Amurka ta yarda da ita a ƙasar da yara ke wasa kashi 400 ce cikin miliyan, amma a wuraren niƙa an riƙa samun dubun-dubata. Hatta ɗan injin gwajin jini da aka zo da shi iyakar lambar da yake iya nunawa 65 ce, jinin yara da yawa ya zarce sai an sirka shi kafin a iya karantawa. Da XRF ɗin aka bi gida gida, a kankare ƙasar sama a kwashe, a sake aunawa, a zuba sabuwa, Bagega sai 2013 aka samu yin nata. A 2015 kuma abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Injin yana da raunin sa, jiƙaƙƙiyar ƙasa tana sa ya karanta ƙasa da gaskiya, kuma fatar ƙasa kawai yake gani, shi ya sa ake shanya wasu samfura a tankaɗe a tura lab don tabbatarwa. Amma ke ba sai kin jira injin ba. Ki kai yaran asibiti ki ce gwajin dalma a jini kike so, ki daina shara a bushe ki riƙa yayyafa ruwa, a wanke musu hannu kafin cin abinci, kar a daka hatsi a turmin da ya taɓa dutse. Maigida kuma ya samu mai unguwa a yi magana da lalama a mayar da niƙan bayan gari, shi ma maƙwabcin ai yana da 'ya'ya.

*

Malam ina noman latas da alayyafo da ruwan rafin da ke biyowa ta wajen kamfanonin jima. Me zan ce a auna min? Daga mai lambu, Kano.

Malam mai lambu, ka ce kuromiyam da dalma da kadmiyam, kuma abu uku za ka kai, ruwan, ƙasar, da ganyen kansa, tunda ƙarfen da ya shiga cikin ganye wanki baya fidda shi. Ƙasar ka ɗebo daga wurare kamar goma a faɗin lambun ka cakuɗa, ba daga bakin rafi kaɗai ba. Kuromiyam kuma iri biyu ne, masu jima a Challawa da Sharada mai lamba uku suke aiki da shi, mai lamba shida shi ne mugun, kuma AAS jimilla kawai yake bayarwa baya rarrabewa, sai an yi wani gwajin daban da ruwan ke komawa shunayya. Ka ɗebi ruwan da rani lokacin da kake ban-ruwa, na damina ruwan sama ya riga ya sirka shi. In kuɗin ya maka yawa ku haɗu ku biyar ko shida masu lambu a layi ɗaya ku raba.