Amsa ga mai tambayar me ya sa ba za a bar talaka ya mallaki AK-47 ba

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka tun daren jiya, inda ka ce tunda ɓarayin daji suna yawo da AK-47 ba tare da izinin kowa ba, me ya sa doka za ta ci gaba da ɗaure hannun talaka, ba za a sakar masa mara ya sayi irinta ya kare iyalinsa ba. Na ga mutane da dama sun goyi bayanka, kuma ban ga laifinsu ba, domin wanda aka kwana ana harbi a ƙofar gidansa ba ya jin wa'azin haƙuri. Sai dai ni ra'ayina ya sha bamban da naka, kuma zan faɗi dalilina a matsayin wanda ya rataya bindigar yaƙi shekara 26 kafin ya tuɓe kaki.

Kada ka ɗauka daga cikin birni nake magana. Ƙauyenmu yana yammacin jihar Katsina, ba nisa da dajin Rugu, kuma a daminar da aka shigo mana aka tafi da ɗan ƙanena, sai da muka sayar da shanun huɗa biyu da wata gonar gado kafin muka haɗa kuɗin fansa. A daren nan ina laɓe a bayan rumbu, babu komai a hannuna sai adda da tocila, ina jin ƙarar bindigar da na sani kamar yunwar cikina, har ina iya ƙirga yawan masu harbin daga sautinta. Wallahi da a lokacin an miƙo mini guda ɗaya da na karɓa da hannu biyu. Ra'ayin da zan faɗa maka bayan wannan daren na sake auna shi, kuma bai canza ba.

Da farko, dokar ba ta hana mallakar bindiga gaba ɗaya ba, kamar yadda wasu suke zato. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka irin ta maharbanmu, kwamishinan 'yan sanda na jiha ne yake ba da lasisinta. Bindigar farauta, kamar mai baki biyu, izininta yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku shi ne makaman yaƙi, wato mashinga da roka da gurneti da bindigogin soja masu cin harsashi mai kaurin milimita 7.62, wanda AK-47 tana cikinsu, kuma waɗannan sai da sa hannun shugaban ƙasa. Shi ya sa a watan Yunin 2022, da gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga, har ta yi alkawarin raba fom 500 ga kowace masarauta daga cikin 19, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Kafin nan Aminu Masari ya yi kiran a tashi a kare kai a Katsina a 2021, haka ma Janar T. Y. Danjuma a Jalingo a 2018. Na fahimci zafin da ya sa suka faɗi haka, amma kare kai daban, buɗe ƙofar kashi na uku ga kowa daban, kuma a kan wannan ƙofar nake magana.

Wanda bai taɓa harba ta ba yana ganin AK-47 kamar babbar yayar bindigar toka ce kawai. Maharbi idan ya saki wuta sau ɗaya sai ya tsaya ya ɗura albarushi, kuma a wannan ɗan tsakanin zuciya tana iya sanyi, dattijo yana iya shiga tsakani, wanda ake nufi yana iya tsira da ƙafarsa. Ita kuwa wannan gidan harsashinta yana ɗaukar guda 30, idan ka danne kunamar ba ka ɗaga yatsa ba za su ƙare kafin ka gama karanta Ƙulhuwallahu, harsashinta yana kashe mutum daga nisan mita 300 ko fiye, yana huda ƙofar langa-langa da jikin mota ya sami wanda ba shi aka nufa ba. Saboda haka ne a bariki ba a barin soja ya kwana da ita a ɗakinsa don ganin dama. Za ka je rumbun makamai ka faɗi lambarka, a rubuta lambar bindigar a littafi, a ƙirga maka harsashi ɗaya bayan ɗaya ka sa hannu, idan ka dawo a sake ƙirgawa, kuma idan guda ɗaya ya ɓace ba za ka ga gida ba sai ka yi bayani. Mutanen da aka horar wata da watanni ke nan, masu kofur da saje da hafsa a kansu, kuma duk da haka na ga soja ya harbi abokinsa a kan gardamar da ba ta kai ta kawo ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da na gani a Laberiya. Na je can cikin rundunar ECOMOG, wato dakarun wanzar da zaman lafiya na ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma ina Monrobiya a watan Afrilun 1996 lokacin da faɗa ya ɓarke a tsakiyar birnin. Yawancin waɗanda suka ɗauki makami a ƙasar, idan ka tambaye su, cewa suke yi sun ɗauka ne don kare ƙauyensu ko ƙabilarsu daga wasu, kuma da yawansu gaskiya suke faɗa. Amma bayan shekara shida bindigar ta zama ita ce gona, ita ce kasuwa, ita ce alƙali. A lokacin karɓar makamai, tsakanin ƙarshen 1996 da farkon 1997, wani yaro ya zo shingenmu wanda bai fi shekara 13 ba, sanye da silifas ɗin wanka, ya ɗaure gindin bindigarsa da tsumma saboda ya tsage, kuma ya kwance ta ya mayar a gabana da saurin da ni kaina ban kai ba. Da na miƙa hannu zan karɓa sai ya rungume ta yana kuka, yana tambayar da me zai ci abinci gobe. An karɓi makamai, an yi zaɓe a 1997, amma zuwa 1999 yaƙi ya dawo, domin kowane ɓangare ya binne masu kyaun a daji ya kawo mana tsofaffin. Ko bayan 2003, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi wa mayaƙa fiye da 100,000 rajista, bindigogin da ta tattara ba su kai 30,000 ba. AK-47 tana iya kwana a rami shekara goma, a tono ta a goge da baƙin mai ta ci gaba da aiki.

Yanzu ka dubi garinku da idon basira. Kowa ya san yadda aka faro a Zamfara, satar shanu ta kawo 'yan sa-kai, wasu daga cikin 'yan sa-kai suka riƙa kama Bafulatani a kasuwa suna yanke masa hukunci ba alƙali ba shaida, 'yan'uwansa suka shiga daji suka sayo manyan makamai, ramuwa ta bi ramuwa har aka kai inda muke. Wannan fa da adduna da bindigogin toka aka fara shi. A garinku akwai rikicin iyakar gona da ba a gama ba, akwai rabon gadon da ya raba 'yan'uwa, akwai samarin da ƙwaya ta ci ƙarfinsu, akwai zaɓe duk bayan shekara huɗu. Ɓarawon daji yana zuwa ne wani dare, amma bindigar tana ɗaki kullum, ranar fushi da ranar biki. Sannan wa zai iya sayenta? Kuɗinta ya fi ƙarfin manomin da ke neman kuɗin taki, don haka waɗanda za su cika gidajensu da ita su ne ɗan siyasa mai yara da attajirin da ke da abokan gaba, da kuma ɓarawon kansa, wanda zai aiko ɗan leƙen asirinsa na cikin gari ya cike fom ya sayo masa da lasisi. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai AK-47 guda 88,078 da ba a iya gano inda suke ba a rumbunan gwamnati masu littafi da masu gadi. Idan wurin da ake ƙirgawa ya yi yoyo haka, ina ga ɗakin da kwaɗo ɗaya ne a ƙofarsa?

Wasu sun kawo misalin Amurka a matsayin ƙasar da ke barin jama'a su mallaki bindiga, amma ita kanta ta taɓa hana sayar da irin waɗannan bindigogi daga 1994 zuwa 2004, kuma da irinsu aka kashe yara 19 da malamai biyu a wata firamare a Uvalde ta jihar Texas a 2022. Ni misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Niyu Zilan. Ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 mutum ɗaya, mai lasisin bindiga, ya shiga masallatai biyu a Christchurch ya kashe masallata 51, kuma kafin wata guda majalisarsu ta haramta irin makaman da ƙuri'a 119, mutum ɗaya ne kaɗai ya ƙi. Ostireliya ta yi haka tun 1996 bayan an kashe mutum 35 a Port Arthur, ta saye bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata.

Na yarda da kai cewa wannan doka ba ta hana ɓarawon daji samun makami ba, musamman tun da rumbunan Libiya suka fashe a 2011 kaya suka riƙa gangarowa ta hamada. Amma ita ce ta sa har yanzu duk wanda aka gani da AK-47 ba cikin kaki ba an san ko wane ne, kuma ana iya kama shi a kan hanya tun kafin ya harba. Ranar da aka halatta ta, jami'in da ke shinge ba zai iya bambanta mai kai wa daji da mai kai wa gida ba.

Abin da nake goyon baya shi ne rundunonin tsaron al'umma irin wadda Katsina ta kafa a 2023 da Askarawan Zamfara na 2024, da sharaɗin a tantance mutum ta hannun mai unguwa da dagaci da liman, a horar da shi, a biya shi a kan lokaci, makaminsa ya kwana a rumbu da littafi, kuma idan ya kashe wani ba bisa ƙa'ida ba a gurfanar da shi, ko wanda aka kashe Bahaushe ne ko Bafulatani. A ƙauyenmu abin da muka yi bayan an sako ɗan ƙanen nawa shi ne muka rubuta sunan duk mai bindigar toka a wurin dagaci, muka raba kwanan sintiri, muka haƙa rami ta gefen da ɓarayin suke shigowa da babura, muka kuma haɗa lambobin waya da ƙauyuka huɗu da ke kewaye da mu, har da rugar da ke gabas. Sun sake zuwa sau ɗaya, an hango su tun daga rafi, mata da yara suka fice kafin su iso. Sun kora awaki, kuma taimakon da muka kira bai iso ba sai da gari ya waye, wanda a kan wannan jinkirin ne muka kai kuka gaba har sau uku, kuma muna shirin komawa na huɗu bayan girbi.