Aikin maƙoƙo: me ke sa yatsu ƙandarewa bayan tiyata?

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. An sa wa mahaifiyata ranar aikin maƙoƙo, za a cire shi duka. Wata maƙwabciyarmu da aka yi wa, kwana biyu da aikin yatsunta suka riƙa ƙandarewa. Me ke jawo haka, kuma ana iya kauce masa? Daga mai karatu a Gusau.

AMSA: Malama, Allah ya ba Mama lafiya. Abin da ya sami maƙwabciyarku alama ce ta faɗuwar sinadarin kalsiyam a jini. Akwai wasu ƙananan halittu, galibi huɗu, manne a bayan tayroid, wato halittar gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, ana ce musu faratayroid. Kowace ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, amma su ke daidaita kalsiyam, don haka in aikin ya taɓa su sai ya faɗi.

Don kauce wa haka, gano su lokacin tiyata shi ne aikin farko na likita. Launinsu ruwan ƙasa-ƙasa ne mai ratsin rawaya. Kitse ya fi su haske, kaluluwa kuma ta fi su tauri. Biyun sama ba su cika sauya mazauni ba, suna kusa da inda jijiyar murya ta gitta jijiyar jinin da ke shayar da ƙasan tayroid. Na ƙasa su ke ba da wahala, don wani lokaci sai can wajen saman ƙirji ake samun su.

Sau da yawa ba cire su ake yi ba, hanyar jininsu ce ke yankewa. Shi ya sa ƙwararren likita ke ɗaure ƙananan rassan jijiyar jini dab da jikin tayroid, ba ya ɗaure uwar jijiyar, kuma ba ya kai na'urar ƙona jini kusa da su. In ɗaya ta rasa jini ko ta fito tare da abin da aka cire, sai a yayyanka ta kamar milimita 1, a dasa a tsokar gefen wuya. Cikin 'yan makonni takan kama aiki. Akwai kyamara mai sa su haskawa, wadda Amurka ta amince da ita a 2018, amma ba ta maye gurbin ido da haƙuri ba.

Ku tambayi likitanta ko za a auna bitamin D kafin aikin, da kalsiyam washegari. Alamomin kan bayyana cikin awa 24 zuwa 72: jin kamar ana tsira allura a leɓe da kan yatsu, sai murɗewar tsoka. Akasari abin na ɗan lokaci ne, ƙwayar kalsiyam da kalsitiriyol (wani nau'in bitamin D) ke magance shi. Idan hannu ya ƙandare ko numfashi ya yi wuya, a koma asibiti nan take, domin a wannan matakin ta jijiya ake ba da kalsiyam.