Hango labarin Linjila a zuci lokacin addu'a

Ɗan'uwa daga Zango, kana tambaya ko laifi ne mai bi ya riƙa hango labarin Linjila a zuciyarsa yayin addu'a, kamar yana wurin. Ba laifi ba ne, ba kuma bautar gumaka ba ce. Yesu kansa da misalai ya koyar, don mai ji ya ga mai shuka da gonarsa da idon zuci. Ignatius na Loyola, wani limamin Katolika ɗan ƙasar Spain, ya tsara wannan hanya a littafinsa da aka buga a 1548.

Gwada Markus 10:46-52. Ka zauna gefen hanyar Yariko tare da makaho Bartimawas, hayaniya irin ta kasuwar Dole, jama'a na tsawata masa ya yi shiru, sai Yesu ya tambaye ka me kake so ya yi maka. A ƙungiyar matasanmu nan Damagaram na ga wannan tambaya ta taɓa masu taurin zuciya, har wani ya nemi gafarar ƙanensa. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka sa wa Yesu magana a baki. In abin da ka hango ya saɓa wa nassi, ka bar shi, ka tuntuɓi fastonka.