Amsa: Tayil ɗin ɗakin kwana a garin zafi da laima

Malam, ka tambayi irin tayil ɗin da ya dace da ɗakunan kwana a gidan da kake ginawa a Fatakwal, inda zafi da laima ba sa rabuwa. Shawarata ita ce ka sayi fosilin (porcelain), wato wani nau'in tayil mai tauri sosai, domin ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin 100 na nauyinsa ba, saɓanin siramik na gama-gari da ke tsotsar ruwa fiye da haka.

Ka guji mai sheƙi, duk da kyansa a shago, saboda idan iska mai laima ta shigo ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ta sanyaya, raɓa tana kwantawa a kansa, sai ya yi santsin da zai iya kayar da yaro ko tsoho. Mara sheƙi mai launin haske ya fi.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarƙashin tayil ɗin. Ka tabbatar magini ya shimfiɗa leda mai kauri kafin zuba kankare, kuma daɓen ya bushe sosai, in ba haka ba danshi zai riƙa tasowa ta tsakanin tayil, layukan su yi baƙi, ɗakin ya riƙa warin danshi.