Kwantiragin "sai an kira ka" a Birtaniya: an hana shi, kuma zai kawo maka iyali?

Wani ɗan'uwa da ke Leicester ya aiko da tambaya. Yana da takardar zama ta dindindin, yana aiki a wani babban sito na ajiyar kaya, amma kwantiraginsa bai ƙayyade masa ko awa ɗaya ba. Wani makon ya yi awa 50, wani makon 12. Ya ji ana cewa gwamnati ta haramta irin wannan aiki, kuma yana son ɗauko maiɗakinsa daga Kano. Ya jira dokar ne, ko ya shigar da takardu yanzu?

Malam, ba a haramta shi ba. Wannan kwantiragin da Turawa ke kira zero-hours yana nan daram, kimanin mutum miliyan ɗaya ne ke kansa a ƙasar, akasarinsu a gidajen abinci, otal-otal, kantuna da aikin kula da tsofaffi. Shekaru ke nan ana tafka muhawara a kai. Ƙungiyoyin ƙwadago irin su TUC da Unison suna cewa an ɗora wa ma'aikaci duk asarar kasuwa, in ciniki ya yi ƙasa shi ne zai kwana babu. Masu kamfanoni kuma suna cewa ɗalibai da masu renon yara da kansu suke son wannan sassauci, in an matsa musu za su rage ɗaukar mutane. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, sai dai sassaucin ya fi daɗi ga wanda wani ke biya masa kuɗin haya.

A 2015 gwamnatin haɗaka ta Conservative da Liberal Democrat ta soke sharaɗin da ke hana mai irin kwantiraginka yin aiki a wani wuri. Jam'iyyar Labour ta kai ƙudurinta majalisa a Oktoban 2024, ya zama doka a ƙarshen 2025. Abin da ke ciki: in ka saba yin wasu awoyi cikin wani tsawon lokaci, wanda ake sa ran zai zama mako 12, dole a yi maka tayin kwantiragi mai tabbacin waɗannan awoyin, kai kuma kana iya ƙi. Za a riƙa sanar da kai aiki da wuri, a biya ka wani abu in an soke a ƙurarren lokaci. Amma wannan sashen ba a sa ran zai fara aiki kafin 2027. Kada ka ajiye matarka a Kano kana jiran sa.

Ma'aikatar Cikin Gida, mai ba da biza, ba ruwanta da sunan kwantiraginka, kuɗin da ya shigo take dubawa. Tun Afrilun 2024, mai son ɗauko matarsa ana buƙatar ya nuna samun fam 29,000 a shekara kafin cire haraji. Ga mai awoyi masu hawa da sauka wanda ya yi wata shida a wuri ɗaya, ana tara abin da ya samu a wata shidan nan, a raba shida, a ninka sau 12. Ke nan kana buƙatar fam 14,500 a wata shida. A mafi ƙarancin albashi na Afrilun 2025, wato fam 12.21 a awa, wannan ya kai kusan awa 46 kowane mako ba fashi. Makonnin awa 12 ɗin nan su ne za su kayar da kai, haka ma in ka tafi gida Sallah ka yi mako shida ba albashi a tsakiyar lissafin. Saboda haka zaɓi watannin da kasuwar sito ke ci, galibi daga kaka zuwa Kirsimeti, ka shigar da takardu a bayansu. Ana iya haɗa albashin wuri biyu, kuma ubangidanka na farko ba shi da hurumin hana ka. In ba ka cika wata shida a wurin ba, sai ka nuna abin da kake samu yanzu ya kai, kuma ka riga ka samu fam 29,000 a wata 12 da suka wuce.

Ajiya tana cike giɓi, amma da tsada. Fam 16,000 na farko ba a lissafa su, sannan kowane fam ɗaya na giɓi yana buƙatar fam biyu da rabi. In ka gaza da fam 2,000, sai an ga fam 21,000 a asusu, kuma sun yi wata shida a ciki. Kuɗin adashe da aka zuba jiya ba zai yi ba. Albashin maiɗakinka na Najeriya ma ba ya shiga lissafi.

Inda aka fi faɗuwa shi ne takardu. Kowace takardar albashi dole ta yi daidai da abin da ya shiga banki, ta ƙarshe kada ta wuce kwana 28 a ranar da aka cike takardar neman biza, sannan a haɗa da wasiƙar kamfani mai bayyana irin aikinka da tsawon zamanka. Aikin da aka biya ka a hannu ba haraji ba banki, kamar ba ka yi shi ba ne.

Ka kuma duba ko ana ba ka haƙƙinka, don shi ma yana ƙara lissafi. Mai irin aikinka yana tara hutu na kashi 12.07 cikin ɗari na awoyin da ya yi, wasu kamfanonin suna zuba kuɗin a kowane albashi, to ya fito a layinsa daban. Takardar albashi dole ta nuna yawan awoyi. Ka riƙa rubuta naka a waya, ka ajiye saƙonnin kiran aiki. In an danne maka wani abu, ka tuntuɓi Acas, hukumar sasanta rikicin aiki, ko Citizens Advice, ƙungiyar ba jama'a shawara, da wuri, kyauta ne, kuma wa'adin kai ƙara kotun ma'aikata gajere ne, an daɗe yana wata uku a cire kwana ɗaya.

Duk wannan na mai zaman dindindin ne ko ɗan ƙasa. 'Yan'uwa mata da ke kan bizar kula da tsofaffi nasu ya fi tsanani: dole kamfanin da ya ɗauki nauyinki ya biya albashin da aka rubuta a takardar ɗaukar nauyi, ko akwai aiki ko babu. In yana ba ki awa goma yana cewa ki yi haƙuri, shi ne ya karya ƙa'ida, amma in aka ƙwace lasisinsa ke za a ba kwana 60 ki nemo wani. Ki fara cigiya tun yanzu. Ɗalibin digiri kuma awa 20 ne a mako lokacin karatu, daga Litinin zuwa Lahadi, ba a rama na makon da ya wuce a wannan makon, kuma in yana aiki wuri biyu haɗa awoyin ake yi.