Bulok ɗin kamfani zai jure idan aka ƙara wa inji ƙarfi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko bulok, wato gangar jikin inji mai ɗauke da silindoji, wanda mota ta zo da shi daga kamfani, zai riƙe idan aka ninka ƙarfin inji da turbo. Ya danganta da irin injin.

Ɗauki injin 2JZ-GTE na Toyota Supra ta 1993, mai silinda 6 da lita 3. Kamfani ya fitar da shi a Amurka da ƙarfin doki 320, amma bulok ɗinsa na zubin baƙin ƙarfe ne mai kauri, samansa a rufe kewaye da silindoji, shi ya sa masu tsere ke kai shi doki 1,000 ba su canza bulok ba. Fistan da kwanrod, sandar da ke riƙe da fistan, suke canzawa, don su ke fara karyewa. Haka inji mai lita 5.3 da bulok ɗin ƙarfe na motocin a-kori-kura na Chevrolet, ga araha ga juriya. Tsohon injin Ford da ake kira 302 kuwa, da ya doshi doki 500 bulok ɗin kan tsage ta tsakiya, komai tsadar kayan da ka zuba a ciki.

Ni a ganina ma, mugun saiti ya fi raunin bulok kashe inji. Idan fetur ɗin da ke shiga silinda ya yi kaɗan, ko ya kama wuta kafin lokacinsa, za ka buɗe ka tarar da gefen fistan ya narke, gasket ta ƙone, ruwa ya gauraye da baƙin mai. Don haka fara kashe kuɗinka kan famfon fetur, injekta, lagireto da ƙusoshin kan silinda masu ƙarfi, sannan ka faɗa mana wane inji gare ka.