Tambaya da Amsa: Wata mujalla ta ce in biya dala ta buga min bincike cikin sati ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni lakcara ne a wata kwalejin ilimi. Lokacin korona da aka rufe makarantu a 2020 na ci gaba da koyar da ɗalibaina ta WhatsApp, ina tura musu lakca da murya da hotunan abin da na rubuta, kuma har yau ban daina ba. Na raba musu takardar tambayoyi kan ra'ayinsu, na rubuta bincike na tura wata mujalla ta Turai, ko wajen masu bita bai kai ba edita ya dawo min da shi. To yanzu ga wata ta turo min imel wai in biya da dala za su buga cikin sati ɗaya, ni kuma bana nake sa ran ƙarin girma. In biya ne ko yaya zan yi? Daga wani malami a Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri kan ɗawainiyar da ka yi da yaran nan. Don Allah kar ka biya. Ba laifi ba ne mujalla ta karɓi kuɗi, akwai na kirki da yawa da suke caji don kowa ya karanta kyauta, amma sati ɗayan nan shi ne matsalar, domin kafin edita ya samo masana biyu da za su yarda su karanta aikinka, su rubuto gyara, ka gyara ka mayar a sake dubawa, ai maganar watanni ake. Wanda ya yi maka alkawarin sati ɗaya ba mai karanta komai a wajensa, kuɗinka yake so. Tun shekarun baya wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya riƙa tara sunayen irin waɗannan mujallu har zuwa 2017 da ya sauke jerin, kuma ba su ragu ba. Abin da ya fi ciwo, in suka buga shikenan aikin ya mutu a hannunsu, ba mujallar kirki da za ta sake karɓar abin da aka riga aka wallafa, gashi kuma kwamitin ƙarin girma na iya ƙin ƙirga maka shi.

Tantancewa ba wuya. Ka shiga shafin DOAJ, kundin tantattun mujallun da ake karantawa kyauta, ko jerin mujallun Scopus, babban rumbun da ke tara mujallun bincike na duniya, ka rubuta sunan mujallar da kanka, kar ka yarda da tambarin da suka manna a shafinsu don kowa na iya manna shi. Na Afirka kuma ka duba shafin AJOL, wato African Journals Online, tun 1998 yake tara mujallun nahiyar nan.

Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarka shi ne dalilin da ya sa aka dawo maka da takardar, kuma ina zargin takardar tambayoyin nan ce. Editocin manyan mujallun fannin, irin su Computers & Education da British Journal of Educational Technology, tun bayan korona an cika musu tebur da bincike iri ɗaya: a raba wa ɗalibai tambayoyi, a jingina da ƙa'idar TAM, mai bayanin abin da ke sa mutane karɓar sabuwar fasaha, da Fred Davis ya fitar a 1989, a ƙare da cewa ɗalibai na son karatu ta intanet amma data da wuta ne cikas. Wannan kam sun riga sun sani, shi ya sa daga karanta taƙaitawar suke rufewa.

Alhali kai a wayarka kana riƙe da abin da ba su da shi. Shekaru kana koyarwa a guruf, ka koma ka duba. Ƙarfe nawa yaran suke sauke lakcar, da rana ne ko sai tsakar dare lokacin da data ta fi araha? Su waye ke yin tambaya a guruf, ko akwai ɗalibai mata da ba sa buɗe baki a aji amma a nan suna rubutu? Su nawa ne waya ɗaya suke karɓa-karɓa a ɗaki, wane ne sai ya kai caji shago kafin ya saurare ka? In ka yi bayani da Turanci sannan ka maimaita da Hausa, wanne ya fi jawo tambayoyi da muhawara? Sannan ka ɗauko sakamakon jarabawar wannan kwas ɗin kafin guruf da bayansa ka gwada. Ka zauna da wasu daga cikinsu ka yi hira mai tsawo ka naɗa. Yawancin abin da aka rubuta a fannin nan an yi shi ne a jami'o'in da ke da Moodle, manhajar koyarwa ta intanet, da wuta ba yankewa, yadda karatu ke tafiya a ƙaramar waya da netwok mai zuwa yana ɗaukewa kuwa mu ne za mu iya faɗa, kuma wallahi ina jin takaicin yadda muke ɓoye shi kamar abin kunya muna kwaikwayon binciken wasu.

In ka gyara, ba dole sai can ƙololuwa za ka fara ba. Akwai mujallar IRRODL ta Jami'ar Athabasca a Kanada, karatu daga nesa shi ne aikinta kuma kyauta ake karanta ta, a gida ma NOUN, jami'ar karatu daga nesa ta Najeriya, na da mujalla kan wannan fanni. Ka karanta abin da suka buga kwanan nan kafin ka tura, kuma kar ka tura wa mujallu biyu a lokaci guda, ana ɗaukarsa babban laifi. In an sa kuɗi ka rubuta ka nemi rangwame tun kafin ka miƙa, masu wallafa da dama suna yi wa masu bincike daga ƙasashe irin namu.

Maganar ƙarin girma, gaskiya zai iya yiwuwa wannan takardar ba ta riski na bana ba, ka tambayi shugaban sashenku ko suna karɓar wasiƙar amincewa kafin a buga. Kuma kafin ka taɓa saƙonnin guruf ɗin ka nemi izinin ɗaliban a rubuce da na kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku, ka goge sunaye da lambobin waya, don editoci na tambayar wannan takardar izinin tun ranar da ka tura.